Littattafan Neman Bayani da Jaridu a Laburare: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shiga babban laburare, na jami'a ne ko na jiha, yakan tarar da wani sashe kusa da ƙofa inda aka jera manya-manyan littattafai masu kauri, ga tebura, ga ma'aikaci a zaune yana lura da mai shiga da mai fita. Ɗalibai sukan kira wurin sashen rifarens. Can gefe kuma akwai sashen jaridu da mujallu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da sababbin masu bincike suka fi yi game da waɗannan sassa biyu.

Wane irin littafi ne littafin neman bayani?

Shi ne wanda ba a rubuta shi don a karance shi daga bango zuwa bango ba. Tambaya ce take kai ka wurinsa: ma'anar wata kalma, shekarar da wani sarki ya hau gado, nisan Kano da Damagaram, yawan mutanen wata ƙaramar hukuma. Ka buɗe daidai wurin, ka ɗauki amsarka, ka rufe. Shi ya sa ake tsara shi yadda nema zai zo da sauƙi, ko dai bisa jerin haruffa, ko shekaru, ko yankuna, ko fannoni.

Sun kasu gida biyu. Akwai masu ba ka amsa nan take, irin su ƙamus da kundin sani da littafin taswirori da littafin shekara-shekara. Akwai kuma waɗanda ba su da amsar, sai dai su nuna maka inda take, irin su fihirisa da tsakure da jerin sunayen littattafai. Kashi na biyun ɗalibai suka fi rainawa, alhali mai rubuta kundin digiri ya fi bukatarsu a kan na farkon.

Me ya sa ba a ba da aronsu?

Saboda kamar rijiyar unguwa suke, kowa ya zo ya ɗiba ya tafi, ba mai ɗauke ta ya kai gidansa. Bukatarka da ƙamus ta minti biyar ce, in ka tafi da shi mako biyu ka tare wa mutane da yawa hanya. Ga tsada, ga shi da yawansu juzu'i-juzu'i ne, in ɗaya ya salwanta sauran sun gurgunce. Za ka ga an rubuta REF ko R a ƙashin bayan littafin, alamar nan zai kwana.

Ƙamus ba ƙamus ba ne? Me zai sa in damu da wanda na ɗauka?

Akwai ƙamus mai harshe ɗaya, wanda yake bayanin kalma da harshenta. Akwai mai harshe biyu, wanda yake ba ka takwararta a wani harshen. Akwai na fanni guda, kamar na likitanci ko shari'a ko nahawu. Akwai kuma mai tara kalmomi masu ma'ana kusa da juna, irin wanda Roget ya fitar da Turanci a 1852, wanda marubuci yake buɗewa idan kalma tana bakinsa ta ƙi fitowa.

A Hausa kaɗai ma bambancin yana da yawa. J. F. Schön ya buga nasa a 1876, C. H. Robinson ya biyo baya a ƙarshen ƙarnin, amma waɗannan yau sai mai binciken tarihin harshe. Wanda har gobe ake komawa gare shi shi ne na G. P. Bargery na 1934. Ya tara kalmomi dubbai, ya kuma nuna wadda ake faɗa a Katsina da wadda ake faɗa a Sakkwato. In ka ci karo da wata tsohuwar kalma ta saƙa ko jima ko kayan doki a cikin waƙar fada, wadda ko kakarka sai ta yi tunani kafin ta tuno ta, a nan ya kamata ka fara nema. Na R. C. Abraham ya fito a 1949, ƙarfinsa kuwa yana wajen misalai, jimloli da karin magana birjik. Paul Newman da Roxana Ma Newman sun fitar da ƙaramin ƙamus na zamani a 1977, Roxana ta yi na Turanci zuwa Hausa a 1990, Paul kuma ya sake fitar da na Hausa zuwa Turanci a 2007. A Nijar akwai na Abdou Mijinguini, Hausa zuwa Faransanci.

Duk waɗannan da wani harshe suke yi maka bayani. Wanda yake bayanin Hausa da Hausa shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006. Malamin firamare da ɗan jarida da mai fassara duk ya kamata a ce suna da shi a kusa.

To ka ga, wanda yake neman yadda ake cewa katin waya ko na'urar sanyaya ɗaki ya buɗe Bargery ya ɓata lokacinsa. Wanda kuma yake neman sunan wani ɓangare na masaƙa ya buɗe ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta, shi ma haka.

Na nemi kalma a ƙamus ban same ta ba, kuma na tabbata Hausa ce. Ina matsalar?

Sau da yawa kalmar tana nan, neman ne bai yi daidai ba. Ƙamus yakan kawo tilo ne, sannan ya sa jam'i a ƙarƙashinsa: in kana neman "tumaki" ka leƙa "tunkiya". Haruffa masu lanƙwasa su ma suna rikitarwa, domin wani ƙamus yakan ware ɓ da ɗ da ƙ daban bayan b da d da k, tsofaffin kuwa wasu ɗigo suke sawa, wasu waƙafi, tunda lokacin ba a daidaita rubutun ba. Littattafan Nijar suna rubuta ƴ a inda na Nijeriya suke rubuta 'y.

Maganin duk wannan shafuka biyar ne ko goma na farkon ƙamus, waɗanda kusan kowa yake tsallakewa. A nan ake bayanin jerin haruffa, da taƙaitattun alamomi, da yadda aka nuna karin sauti da tsawon wasali, abin da yake raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo.

Kundin sani fa, wato insakulofidiya? Ba Wikipedia ta kashe shi ba?

Ƙamus kalma yake bayani, kundin sani kuwa abin da kalmar take nufi yake bayani. Ƙamus zai ce maka zazzaɓin cizon sauro ciwo ne, kundin sani zai faɗa maka ƙwayar da take kawo shi, da yadda take yaɗuwa, da tarihin maganinsa. Akwai na gama-gari, wanda ya fi shahara shi ne Britannica, da aka fara bugawa a Edinbara a 1768. Akwai na fanni guda, kamar kundin sanin Musulunci da maɗaba'ar Brill take bugawa a Holan.

Gaskiya ne kasuwar na takarda ta mutu. Britannica da kanta ta sanar a 2012 cewa ta daina buga na takarda, bugun 2010 mai juzu'i 32 shi ne na ƙarshe. Wanda za ka tarar a yawancin laburarenmu ya girmi wannan ma. A kan kimiyya ko siyasar yau, kada ka dogara da shi. A kan tarihin Daular Usmaniyya ko rayuwar Ibn Khaldun kuwa, tsufansa bai rage shi da komai sosai ba. In za ka yi amfani da shi, fara da juzu'in fihirisa da ke ƙarshen jeri, domin batu guda yakan warwatsu a wurare huɗu ko biyar.

Wikipedia, wadda aka fara a 2001 kuma tana da sashen Hausa, wuri ne mai kyau na fara leƙe. Bambancinta da na takarda shi ne kowa yana iya gyara ta, kuma abin da ka gani yau ba lalle ka tarar da shi gobe ba. Gangara ƙasan shafin, ka bi manazartar da aka jera, ka kafa hujja da su. Ai ko Britannica ɗin ma malamai ba sa son ganin ɗalibin digiri ya tsaya a kanta.

Irin waɗannan littattafai Turawa ne suka kawo mana su?

A'a. Malaman zaure sun daɗe da su. Al-Qamus al-Muhit na Firuzabadi da Lisan al-Arab na Ibn Manzur ƙamusoshi ne da suka girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru, kuma duk malamin da ya yi nisa a lugga ya san su. Littattafan tarajim, masu kawo taƙaitaccen tarihin malamai ɗaya bayan ɗaya, su ne daidai da abin da laburaren zamani yake kira ƙamus na tarihin rayuwa. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya rubuta Nail al-Ibtihaj a kan malaman Malikiyya, a ciki har da al-Maghili wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Ibn al-Nadim kuwa tun ƙarni na 10 ya tattara sunayen littattafan Larabci da ya sani a Bagadaza cikin al-Fihrist.

Na baya-bayan nan da ya kamata ɗalibin addini ya sani shi ne Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdul Baqi. Ka tuna kalma ɗaya tak daga aya, ka mance surar, sai ka mayar da kalmar zuwa asalinta na haruffa uku ka nema, zai jero maka duk ayoyin da ta fito da lambobinsu. Akwai irinsa na hadisi, wanda A. J. Wensinck ya jagoranci haɗawa. Manhajar waya tana yin wannan aikin yanzu cikin ƙiftawar ido, amma wanda ya iya mayar da kalma asalinta ya fi cin moriyar manhajar ma.

Littafin taswirori yana tsufa ne? Ai ƙasa ba ta motsi.

Ƙasa ba ta motsi, iyakoki suna yi. Nijeriya ta koma jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Saboda haka kana buɗe atlas, wato littafin taswirori, za ka iya gane shekarunsa. In ka ga Katsina a cikin Jihar Kaduna, kafin 1987 aka zana shi. In babu Jigawa da Kebbi da Yobe, bai kai 1991 ba. In Gusau tana cikin Sakkwato, bai kai 1996 ba. In Sudan ɗaya ce, kafin 2011 ne. Har yanzu akwai makarantun da ake koyar da yara da irin waɗannan, abin takaici.

Amma tsohon atlas ba abin yarwa ba ne, aikinsa ne ya sauya. Mai binciken faɗin Tafkin Cadi a da, ko hanyar jirgin ƙasa, ko iyakokin larduna, tsohon yake nema ido rufe.

Ɗan'uwan atlas shi ne gazetiya, littafin da yake jera garuruwa da bayaninsu. Jami'an mulkin mallaka sun rubuta na lardunan Arewa a farkon shekarun 1920, E. J. Arnett ya yi na Sakkwato, W. F. Gowers ya yi na Kano, aka sake buga su a Landan a 1972. Akwai jerin sarakuna da gundumomi da haraji a ciki, bayanan da da wuya ka same su a tattare a wani wuri. Sai dai ka riƙa tunawa da wanda ya rubuta da dalilinsa: baƙo ne mai mulki, ta bakin tafinta ya ji yawancin abin da ya rubuta, kuma abin da zai sauƙaƙa masa mulki da karɓar haraji ya fi damunsa.

Ina zan samu alƙaluma, kamar yawan jama'a ko farashin kaya?

A littattafan shekara-shekara da takardun gwamnati. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluma kan farashi da aikin yi da sauransu, Babban Bankin Nijeriya yana fitar da nasa kan kuɗi da ciniki. Kamfanin Daily Times ya daɗe yana buga littafin shekara na Nijeriya, wanda tsofaffin kwafinsa suke da amfani ga mai son sanin wa yake riƙe da wane muƙami a wace shekara.

Batun yawan jama'a yana bukatar hattara. An yi ƙidaya a 1963, an yi a 1973 aka soke sakamakon, an yi a 1991, sannan a 2006 aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Duk adadin da ka gani na wata shekara bayan 2006, in ba sabuwar ƙidaya aka yi ba, ƙiyasi ne, kuma haka ya kamata ka rubuta shi.

Doka da naɗi da sanarwar gwamnati kuwa, gazet ce asalinsu, wato jaridar hukuma, ta tarayya ko ta jiha. A Nijar Journal Officiel ne yake wannan aiki. Muhawarar majalisa tana cikin Hansard, kalma da kalma. Idan gardama ta kaure kan abin da doka ta ce, jarida ba ta raba ta, sai an ɗauko gazet.

Wani ɗan littafi da masu tarihi suke bukata shi ne jadawalin daidaita shekarun Hijira da na Miladiyya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, don haka ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto duk a 1804 aka yi su, amma ta farko a 1218 ce, na biyun a 1219.

Littafin jagora da littafin adireshi fa?

Na adireshi sunaye da wurare yake jerawa: makarantu, asibitoci, kamfanoni, 'yan wata ƙungiya. Manya za su tuna da littafin lambobin tarho na NITEL. Shi ne ya fi kowane saurin tsufa. Na jagora kuwa yadda ake yin abu yake nunawa a taƙaice, kamar littafin JAMB mai bayanin darussan da kowane kwas yake bukata, ko littafin magunguna da ma'aikatan asibiti suke dubawa kafin su rubuta adadin da za a sha. A waɗannan biyun, bugun bana kawai ake amfani da shi.

Mene ne amfanin littafin da babu komai cikinsa sai sunayen wasu littattafai?

Shi ne yake hana ka maimaita aikin da wani ya gama shekara talatin da suka wuce. Ɗalibi yakan zo da ƙarfin gwiwa ya ce ba a taɓa rubutu kan batunsa ba, a buɗe masa jerin littattafai ya ga mutum goma sun riga shi. Sergio Baldi ya tattara abin da aka rubuta kan Hausa ya buga a 1977, Paul Newman ya fitar da na Hausa da harsunan Cadi a 1996. John Hunwick ya tattara sunayen malaman wannan yanki da rubuce-rubucensu na Larabci, har da inda kwafin kowane yake, aka buga a 1995. Laburaren Ƙasa shi ma yana fitar da jerin abin da aka buga a Nijeriya.

Fihirisa tana nuna maka wace mujalla, wace fitowa, wane shafi. Tsakure yana ƙara maka da taƙaitaccen bayanin abin da maƙalar ta ƙunsa, don ka san ko ta cancanci wahalar nema. Yau yawancin wannan aiki ya koma intanet, a rumbuna irin su JSTOR da AJOL. Jami'o'i da dama suna biyan kuɗin shiga wasu rumbunan, ɗalibai kuwa har su gama ba su sani ba, don ba su taɓa tambaya ba.

Me ake nufi da kafafen yaɗa labarai na ɗab'i, kuma me ya raba jarida da mujalla?

Duk abin da aka buga a takarda don ya isa ga jama'a: jarida, mujalla, ƙasida, fosta, takardar sanarwa, kalanda, har da littafi. Jarida tana fitowa kullum ko mako-mako, labarin jiya take kawowa, da gaggawa ake haɗa ta. Mujalla takan fito wata-wata ko mako-mako, tana da sarari ta yi sharhi da hira da hotuna, kamar mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999 tana bin harkar finafinan Hausa.

Mujallar ilimi daban take. Masana ne suke rubuta ta don masana, kuma kafin a buga maƙala sai an tura wa wasu masanan sun tantance ta. Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero misali ce. Sai dai a yi hattara, yanzu akwai masu kiran kansu mujallun ilimi waɗanda kana biyan kuɗi za su buga maka ko me ka rubuta cikin mako guda. Ka duba su wane ne editocin, kuma wace jami'a ko ƙungiya ce take bayanta.

Yaushe aka fara jarida da Hausa?

Jaridar farko a ƙasar da ta zama Nijeriya ita ce Iwe Irohin, da Yarbanci, a Abeokuta a 1859. A Arewa, gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da wata a farkon shekarun 1930 mai harsuna uku, Hausa da Larabci da Turanci. Amma wadda ta kafu ta yi jijiya ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Shafin wasiƙunta taska ce: malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suna rubuto koke da shawara daga ko'ina, da Hausar zamaninsu.

A shekarun 1950 hukumar NORLA, mai kula da wallafa littattafai a Arewa, ta buga jaridun larduna don waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su samu abin karantawa: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zazzau. New Nigerian ta fara a ranar 1 ga Janairu 1966. Kamfanin Triumph na Kano ya fitar da Albishir da boko, da Alfijir da ajami. Aminiya ta kamfanin Media Trust ta zo a 2006.

Zan iya kafa hujja da jarida a bincikena?

Za ka iya, in ka san abin da take shaida a kai. Jarida shaida ce mai ƙarfi kan abin da aka faɗa da abin da aka sani a ranar da ta fito. Ba lalle ta zama shaida kan abin da ya faru a zahiri ba. Adadin waɗanda hatsari ya rutsa da su a fitowar farko yakan sauya bayan kwana biyu. Kowace jarida kuma da mai ita: ta gwamnati ba za ta ba da labarin yajin aiki yadda ta 'yan adawa za ta ba da shi ba. Nemi biyu ko uku na rana ɗaya ka gwama, kuma ka bambance labari da sharhi da talla. Tallar ma kada ka raina ta, a nan za ka ga kuɗin keke ko na kujerar Makka a shekarar da kake bincike.

A ina ake samun tsofaffin jaridu da takardu?

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana da manyan rassa a Kaduna da Ibadan da Inugu, na Kaduna shi ne mai fayilolin Arewa. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana da jaridu da takardu da rubuce-rubucen hannu. Akwai Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Mambayya a Kano ga mai binciken siyasar NEPU da PRP, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Yamai, cibiyar bincike ta IRSH tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Ka shirya wa abin da za ka gani. Akan ɗinke jaridun wata uku ko shida a bango ɗaya mai nauyi, sai an sa hannu biyu. Takardar jarida mai araha ce, da ta daɗe sai ta yi ja, ta bushe, gefenta ya riƙa karyewa yana zuba a kan tebur. Wani wurin gara ta ci rabin shafi, wani wurin ɗigar rufi ta manne shafuka, wani wurin kuma ka tarar da rami mai kusurwa huɗu inda wani ya sa reza ya yanke labarin da kai ma shi ka zo nema. Juya shafi daga sama a hankali da busasshen hannu, kada ka lashi yatsa. In akwai kwafin maikurofim, wato hoton shafukan a kan ɗan siririn fim, ko wanda aka ɗauka a kwamfuta, yi amfani da shi ka bar asalin ya huta.

Ƙasidu da fosta da kalanda su ma laburare yana ajiye su?

Mai kyau yana ajiyewa, a cikin fayil ko kwali bisa batu. Ƙasidun da cibiyar wayar da kai kan aikin gona ta NAERLS da ke Zariya take bugawa manoma da Hausa, takardun rigakafi, manufofin jam'iyyu, kalandar ƙungiya mai hotunan sarakuna, duk ana buga su ne don amfanin yau a yar gobe. Shi ya sa bayan shekara ashirin suka fi littafi wuyar samu.

Yaya zan gane littafin da zan amince da shi?

Juya shafin take ka karanta bayansa. A nan za ka ga shekarar bugu, da maɗaba'a, da ko bugu na nawa ne. Lura da bambancin sabon bugu da maimaicin bugu: littafin da aka rubuta a 1975 aka sake gurzawa a 2015 ba tare da gyara ba, iliminsa na 1975 ne komai ƙyallin bangonsa. Sannan ka duba wanda ya rubuta da abin da ya sani a fannin, ka ga ko ya faɗi inda ya samo bayanansa. Daga nan ka jarraba shi da abin da ka riga ka sani sarai. Buɗe garinku. In ya yi kuskure a nan, ka san yadda za ka riƙe sauran.

Lambar ISBN ta littattafai mai alƙaluma 13, da ISSN mai 8 ta jaridu da mujallu, Laburaren Ƙasa ne yake ba da su a Nijeriya. Lambar shaida ce kawai, ba ta nufin wani ya tantance abin da ke ciki. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta kuma wajabta wa mai buga littafi ya kai wa Laburaren Ƙasa kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Marubutanmu da yawa, musamman na littattafan Hausa na kasuwa, ba sa kaiwa, shi ya sa wasu littattafan da suka yi tashe a shekarun 1990 yau sai a hannun ɗaiɗaikun mutane.

Lambobin da ke manne a bayan littafi fa?

Adireshinsa ne a kan kanta. Laburaren makarantu da na jiha sun fi bin tsarin Dewey na 1876, mai raba ilimi gida goma: 200 addini, 400 harshe, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, da sauransu. Musulunci yana 297, tarihin Nijeriya 966.9. Jami'o'i sun fi bin tsarin Laburaren Majalisar Amurka mai haruffa: BP Musulunci, DT tarihin Afirka, PL harsunan da Hausa take ciki. Kwafi lambar gaba ɗaya daga katalog kafin ka nufi kanta. In ka gama da littafi, bar shi a kan tebur, domin wanda aka mayar ba a gurbinsa ba daidai yake da wanda ya ɓata. In ka rasa gane kan abin, tambayi ma'aikacin, aikin da aka ajiye shi ya yi ke nan, matambayi kuwa ba ya ɓata.

An ba ni batu, misali dalar gyaɗa ta Kano. Ta ina zan fara?

Fara da kundin sani ko littafin tarihi na gama-gari don ka samu ƙashin labarin: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga, daga baya fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Daga nan ka koma jerin littattafai, inda za ka ci karo da aikin Jan Hogendorn na 1978 kan farkon wannan ciniki, manazartarsa kuma ta kai ka ga wasu. Alƙaluman tan nawa aka saya kowace shekara suna cikin rahotannin hukumar sayen gyaɗa da littattafan ƙididdiga. Tsohon atlas zai nuna maka layin dogo da tashoshin saye. Gaskiya Ta Fi Kwabo za ta ba ka farashin da aka sanar a kowace kaka da koken manoma kan awo. Fayilolin Kaduna za su nuna maka abin da jami'ai suke rubuta wa juna wanda ba su faɗa a jarida ba. Abin da ya rage, kamar yadda ake jera buhu har dala ta tashi da nawa ake biyan lebura, sai ka nemi dattawan da suka yi aikin.

Zan iya ɗaukar hoton shafi da waya?

Tambayi ma'aikaci tukuna. Wasu wuraren sun yarda, wasu sai ka cika takarda ko ka biya, wasu kuma sun hana a kan tsofaffin takardu. In an yarda, kashe fitilar kyamara, kuma ka fara da ɗaukar shafin take da bayansa kafin shafin da kake so. In jarida ce, tabbatar saman shafin ya fito, inda sunanta da kwanan wata da lambar shafi suke, domin su za a tambaye ka ranar kare kundi.